Ciyar da kare mai kumburin fankiriyas da kula da shi a gida

A yawancin gidajen da ke ajiye kare a Zariya, na gadi ne ko na farauta, abin da ya ragu a tukunya shi ne abincinsa: ƙanzo, sauran miya, fatar kaza, kitsen da aka ture gefen kwano. Wasu kan ƙulla da mai sayar da abinci a Sabon Gari ko Samaru, kullum da yamma a ɗebo musu ragowa a bokiti. Karnuka da yawa suna yin shekaru a haka lafiya lau. Amma duk karen da fankiriyas ɗinsa ya taɓa kumbura, irin wannan ciyarwa ta ƙare masa. Likita zai yi nasa aikin na kwana biyu ko uku, sauran jinyar kuwa a madafa take.

Fankiriyas wata gaɓa ce mai laushi da ke kwance a jikin tumbi da farkon ƙaramin hanji. Ba saifa ba ce, ko da yake ana yawan haɗa su. Aiki biyu take yi. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da nama da maiƙo da sitaci, ita ce kuma ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Wannan ruwan narkarwa ba ya fara aiki sai ya isa cikin hanji. Idan ya tashi aiki tun yana cikin gaɓar, sai ya shiga cin namanta, ta kumbura, zafin ya bazu zuwa kitsen da ke kewaye da ita, wani lokaci har hanta da ƙoda su taɓu. Maiƙo na kan gaba cikin abubuwan da ke sa fankiriyas tsiyayo da ruwansa da yawa, shi ya sa duk maganar abincin irin wannan kare take komawa kan maiƙo.

Ciwon ya fi kama kare mai ƙiba da wanda ya manyanta, da wanda ya samu shiga bola ya ci abin da ya ga dama. Ƙananan karnukan gida irin su Schnauzer da Yorkshire terrier da Cocker spaniel sun fi wasu saurin kamuwa, amma babu irin da ya tsira. Akwai kuma sanadi biyu da suka shafe mu a nan. Na farko cutar jini da kaska ke sawa, wadda kan iya jawo kumburin. Na biyu maganin ƙwari irin ota-fiya-fiya da wasu ke shafa wa kare don kashe kaska. Guba ce da ke ratsa fata, tana iya taɓa fankiriyas, tana iya kashe karen ma kai tsaye.

Yadda ciwon ke bayyana

Sau da yawa kwana ɗaya ko biyu bayan kare ya ci abu mai maiƙo sosai, sai ya fara amai, ya ƙi abinci, ya lafe a wuri ɗaya. Wani ya haɗa da zawo. Alamar da ta fi nuna ciwon ciki ita ce ya kwantar da ƙirjinsa da ƙafafun gaba a ƙasa, ƙugu a sama, ya daɗe a haka. Wani yana tafiya a ƙudundune da baya a tanƙware, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, ko jikinsa na rawa. In ka danna cikinsa a hankali daga bayan haƙarƙari, zai ƙanƙame ko ya yi gurnani. A kula, kare mai jin zafi yana iya cizon ubangidansa.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kowane yawa. Da an ga kare na amai sai a ce guba aka ba shi, a kama shi a ɗura masa manja, wani ya ƙara da madara da ɗanyen ƙwai. Idan fankiriyas ne ya kumbura, babu abin da ya kai wannan muni, domin ainihin abin da ya tayar da ciwon ne aka ƙara masa. Ga kuma haɗarin man ya sauka a huhu lokacin ɗurar. Ko da gubar ce ta gaske, manja ba ya karya ta. Haka nan kada a saya masa ibuprofen ko diclofenac a kemis. Suna huda tumbin kare, suna lalata ƙodar da ta riga ta rasa ruwa. Paracetamol ma ba a ba shi sai da awon likita.

Ba a gane wannan ciwo da ido. Amai da ƙin abinci suna zuwa a cutar parvo ga 'yan kwikwiyo, da ƙashin da ya toshe hanji, da ciwon ƙoda, da ruɓar mahaifa ga karya. Don haka kare da ya yi amai fiye da sau biyu ko uku a yini, ko ya kwana bai ci ba kuma yana nuna ciwon ciki, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Mutanen Zariya suna da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma likitoci masu zaman kansu. A je da bayanin abin da ya ci a kwana uku da suka wuce, da duk maganin da aka ba shi ko aka shafa masa. Kada a sa wa kare mai amai takunkumi a bar shi haka, yana iya shaƙewa. Wajen ɗaukarsa a tallafe ƙirji da cinyoyi, a bar ciki.

Likita zai duba jini, ya nemi cutar kaska, in da hali ya yi hoton ciki. Gwajin da ya fi dacewa shi ne cPL, wanda ke auna sinadarin da fankiriyas ɗin kare kaɗai ke fitarwa. Maganin kuwa ƙarin ruwa ne ta jijiya, da allurar tsayar da amai irin maropitant ko ondansetron, da maganin zafi mai ƙarfi. Ba ƙwayar cuta ke kawo kumburin ba a mafi yawan lokuta, saboda haka allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa kowace dabba ba ita ce maganinsa ba, sai in likita ya ga dalili. Mai sauƙi kan warware cikin 'yan kwanaki. Mai tsanani yana buƙatar kwanciya, kuma yana kisa.

Kwanakin farko bayan amai ya tsaya

A da shawarar ita ce a hana kare abinci kwana biyu zuwa uku ko fiye, wai don gaɓar ta huta. Likitoci sun bar wannan. An gano cewa hanjin da ya daɗe babu komai a ciki bangonsa na raunana, ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga jini. Yanzu da zarar magani ya tsayar da amai, ana fara ba shi kaɗan kaɗan, yawanci cikin awa 24 zuwa 48.

A fara da ruwa. Kare mai kilo 20 a ba shi babban cokali 2 ko 3 kowane rabin awa. Kada a ajiye masa cikakken bokiti, zai shanye da ƙishi ya mayar. In ya riƙe na awa 4 zuwa 6, sai a ƙara, a kuma gwada abinci. Idan ya dawo daidai, yana buƙatar ruwa mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a yini, wato ledar ruwa biyu zuwa biyu da rabi ga mai kilo 20. A zafin Maris da Afrilu zai sha fiye da haka.

Abincin farko farar shinkafa ce da tsokar ƙirjin kaza. A cire fatar kaf, a yanke duk wani farin kitse da ke manne, a dafa a ruwa zalla: babu mai, babu dunƙule, babu albasa, babu yaji. Shinkafar a dafa ta ta yi luguf fiye da yadda mutum zai so, kusan ta tuwo. Tuwon shinkafa ma ya yi, muddin bai taɓa miya ba. Idan ana son amfani da romon don ƙamshi, a bar shi ya huce sosai, a kwashe maiƙon da ya taso sama, sannan a zuba kaɗan.

Yawan abincin kuma awo yake so, ba ƙiyasin ido ba. A fara da sanin nauyin karen: ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire na farko daga na biyu. Da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki. Abin da jikin kare ke ƙonewa yana kwance ya kai kalori 390 a yini ga mai kilo 10, kalori 660 ga mai kilo 20, kalori 900 ga mai kilo 30. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ba da kalori 130, dafaffen ƙirjin kaza giram 100 kuma wajen 165. Idan aka haɗa kashi biyu na shinkafa da kashi ɗaya na kaza, cikakken abincin yini zai zama haka:

Kilo 10: shinkafa giram 180, kaza giram 90.
Kilo 20: shinkafa giram 300, kaza giram 150.
Kilo 30: shinkafa giram 420, kaza giram 210.

Duk awon na dafaffe ne. Ɗanyar shinkafa giram 100 kan tashi kusan giram 300 bayan dahuwa. Ƙaramin sikelin kicin ya isa wannan aiki, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Ba a ba shi wannan cikakken awon a ranar farko. Rana ta ɗaya rubu'insa, ta biyu rabi, ta uku kashi uku cikin huɗu, ta huɗu cikakke. Kowace rana a raba abincin gida 4 zuwa 6. Ga mai kilo 20, ranar farko ke nan shinkafa giram 75 da kaza giram 40 a yini gaba ɗaya, kowane ci bai wuce babban cokali biyu ba. Mai kare zai ga abin ya yi kaɗan, karen kuma zai bi shi da ido yana lasar kwano. A daure. Cika masa kwano a rana ta biyu saboda ya nuna yunwa shi ne ke mayar da karnuka da yawa asibiti. In ya yi amai bayan an ƙara, a koma awon jiya, a sanar da likita.

Wani karen kuma ƙin ci zai yi. A ɗan ɗumama abincin don ƙamshi ya tashi, a miƙa masa a tafin hannu, a wuri mai inuwa da babu hayaniya. In ya kau da kai yana lasar leɓe yana zubar da yawu, tashin zuciya ne bai sake shi ba, magani yake buƙata. Kada a buɗe bakinsa a tura. Ban da haɗarin shaƙewa, kare kan tsani abincin da aka tilasta masa yana jin tashin zuciya, ya ƙi shi har bayan ya warke, alhali shi ne abincin da ake so ya rayu a kai. Idan ya kai kwana 3 bai ci ba, har da kwanakin da ya yi kafin a kai shi asibiti, likita na iya sa masa siririn bututun ciyarwa ta hanci.

Abin da cokali ɗaya ke yi

Duk abincin yini na mai kilo 20 da aka lissafa a sama, maiƙon da ke ciki bai wuce giram 7 ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja giram 14 ne. Wato yaro ɗaya da ya tausaya wa kare ya zuba masa ludayin miya mai ɗauke da cokali ɗaya na mai a kan shinkafa ya ninka maiƙon yininsa sau uku ko fiye. Saboda haka dole kowa a gidan ya san dokar, daga uwargida zuwa yara, da maigadi, da almajirin da ke wanke-wanke. Ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙe ciyarwar, kowa ya cire hannu.

Abubuwan da aka saba ba karnuka a nan, yawancinsu ba su dace da shi ba. Kai da wuya da ƙafar kaza da ake saye da araha a wurin masu fige kaji fata ce da kitse. Kayan ciki da tarkacen kwata haka. Tsire da balangu da kilishi sun haɗa mai da ƙuli da yaji da albasa. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, don haka miyar taushe da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun fita. Taliyar leda ta 'yan yara da mutane ke dafa wa karnuka don sauƙi, a mai ake soya ta don ta bushe, maiƙonta kan haura kashi 15 cikin 100. Kifin Titus da sadin na gwangwani da tarwaɗar kiwo suna da mai sosai. Kindirmo, man shanu, gwaiduwar ƙwai, awara, ƙosai, ƙanzon dafa-duka, duk a bar su. Albasa da tafarnuwa kuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kowane kare, mai lafiya ko marar lafiya, haka goro da cakulan da inabi guba ne gare shi.

Abin da za a iya sauyawa da shi in kaza ta yi tsada: karfasa dafaffiya da aka zare ƙayarta tsaf, ƙirjin zabo ba fata, jan naman sa da aka gyare kitsensa aka dafa aka zubar da ruwan, da dafaffen farin ƙwai, wanda babu maiƙo a cikinsa. Farin ƙwai 4 yana tsaya wa kaza giram 50. A madadin shinkafa giram 100 ana iya sa dafaffen dankalin Hausa giram 170. A riƙa gwada sabon abu ɗaya a lokaci guda, a jira kwana 3 a gani, don in ya ɓata masa ciki a san wanne ne.

Sai maganar ajiya, tunda wuta ba tabbas. Dafaffiyar shinkafa da nama ba sa wuce awa 2 a waje, lokacin tsananin zafi ma awa 1. A firji mai sanyi suna kai kwana 2 zuwa 3. Inda babu firji, a riƙa dafawa kaɗan kaɗan kusa da lokacin ci. Abin da ya rage a kwano bayan minti 20 a zubar, a wanke kwanon da sabulu.

Bayan ya miƙe

Wancan awo na mai jinya ne. Kare da ya koma zirga-zirga yana buƙatar ninki ɗaya da rabi ko fiye, mai kilo 20 ke nan wajen kalori 1,000: shinkafa giram 450 da kaza giram 230, a raba gida 3. Amma shinkafa da kaza kaɗai ba cikakken abinci ba ne. Na mako 2 zuwa 3 ba laifi. Fiye da haka za a fara ganin ƙarancin sinadarin ƙashi da zinc da wasu bitamin, gashi ya bushe, ƙashi ya yi rauni. Sinadarin ƙashi ana samunsa a ɓawon ƙwai: a wanke, a tafasa minti 10, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a sa kimanin rabin ƙaramin cokali a abincin kalori 1,000. Sauran kuwa likita ne zai rubuta ƙarin bitamin na karnuka, ya kuma faɗi ɗan man da za a mayar, domin jiki ba ya rayuwa babu maiƙo sam.

Mai hali ya nemi abincin buhu da aka yi don wannan lalura, irin Royal Canin Gastrointestinal Low Fat ko Hill's i/d Low Fat. Ga sauran na kasuwa, a karanta jikin buhun. Ana son maiƙo ƙasa da kashi 10 cikin 100, musamman ga kare mai ƙiba ko wanda ciwon ya taɓa dawo masa. Na gwangwani yana yaudara saboda ruwan da ke ciki. In an rubuta maiƙo kashi 4, ruwa kashi 78, to busasshen abincin kashi 22 ne kawai. Raba 4 da 22 ka ninka da 100, za ka samu 18, wanda ya yi yawa ƙwarai. Abincin 'yan kwikwiyo da na karnukan aiki su ne suka fi maiƙo. Sauyi daga dafaffe zuwa na buhu a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.

Ko za a taɓa komawa abincin da? Kare da ya kamu sau ɗaya saboda ya ci wani abu da aka sani, likita na iya sassauta masa bayan makonni. Wanda ya kamu sau biyu, ko mai ƙiba, ko mai yawan kitse a jini, ya zauna kan abinci marar maiƙo iya rayuwarsa. Mai ƙiba a rage shi sannu, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako, har a riƙa jin haƙarƙarinsa da tafin hannu ba sai an danna ba. Mafarauta su hutar da irin wannan kare har likita ya sallame shi, in ya koma daji kuma kada a jefa masa kayan cikin abin da aka kama.

Babbar Sallah ita ce lokacin da ya fi haɗari. Ana fiɗa a tsakar gida, ana suya kwana biyu ko uku, kitse da kakide a ko'ina, ruwan wankin tukwane na kwarara a magudana. A ɗaure karen ko a kulle shi a kejinsa mai inuwa tun daga yanka har a gama suya, a binne tarkace ko a fitar da shi daga gidan, a rufe kwandon shara da murfi mai nauyi. In ana so shi ma ya ɗanɗana, a yanko jan nama zalla, a dafa masa a ruwa, a cire awonsa daga kazar ranar. Haka za a yi ranar biki da suna.

A makonnin farko a riƙa duba shi safe da yamma. Ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai damshi, in ka danna ya yi fari ya dawo cikin daƙiƙa 2. Mai danƙo ko busasshe rashin ruwa ne. Fari fat na nuna ƙarancin jini, rawaya kuma shawara ce, wadda kan zo idan kumburin ya matse hanyar maɗaciya. Ja fatar wuyansa ka saki, in ta tsaya ba ta koma nan take ba, ruwa ya yi ƙasa. Zafin jikin kare ta dubura digiri 38 ne zuwa 39.2. Amai da ya dawo, baƙin kashi kamar kwalta, ciki da ya kumbura, numfashi da ƙyar, ko zafi da ya kai 39.5, duk na komawa asibiti ne a take, ba a jira gari ya waye.

Akwai lalura biyu da kan biyo baya bayan watanni idan gaɓar ta lalace da yawa. Ɗaya ciwon sukari: kare ya riƙa shan ruwa fiye da mililita 100 ga kowane kilo a yini, wato sama da lita 2 ga mai kilo 20, yana yawan fitsari yana ramewa. Ɗayar kuma gazawar ruwan narkarwa: yana ci kamar ba zai ƙoshi ba amma yana ƙarewa, kashinsa tuli guda, fari-fari, mai maiƙo da wari. Karnukan Alsatian sun fi fama da wannan ta biyun ko da ba su taɓa kumburin ba. Ana gano ta da gwajin jini mai suna TLI, maganinta kuma garin sinadarin narkarwa ne da ake barbaɗawa a kowane abinci, sau da yawa tare da allurar bitamin B12. Duka biyun ana rayuwa da su in an gano da wuri, shi ya sa ake son a auna nauyin karen kowane mako 2 a rubuta a takarda da kwanan wata, a tafi da ita duk ranar ganin likita.